Yadda Ake Shirya Tafiyar Yini Ɗaya a Kan Babur Mai Taya Huɗu Zuwa Kufan Dutsen Krobo da na Shai

Tun da hotunan samari a kan baburan nan masu taya huɗu suka fara yawo a WhatsApp, da wuya mu zauna hira a unguwarmu ta Nima wani bai kawo maganar ba. Ƙanina ne ya fi matsa mini: "Yaya, yaushe za ka haɗa mana irin tafiyar nan?" Na haɗa, na kuma sake haɗawa, kuma abin da na koya a ciki shi zan shimfiɗa a nan, don wanda yake son ya tashi daga Ankara, kamar yadda mu 'yan zango muke kiran Accra, ya hau babur a daji, ya ga kufan mutanen da, ya dawo gida ya yi Isha'i cikin iyalinsa.

Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu, domin duk shirin a kansa yake tafiya: iyakar babur gindin dutse. Kufan suna can sama, da ƙafa ake kai musu, kuma suna da masu su.

Ka fara sanin inda za ka

In ka bi hanyar Tema zuwa Akosombo, bayan ka wuce Afienya ƙasa za ta buɗe, fili shimfiɗe da ciyawa da garken shanu, sai ga duwatsu sun taso nan da can. Na farko su ne duwatsun Shai, kusa da Doryumu, kimanin kilomita 50 daga Ankara. Gandun daji ne na gwamnati mai faɗin murabba'in kilomita 51, an keɓe shi a 1962, aka mayar da shi wurin kare namun daji a 1971, kuma sashen namun daji na hukumar gandun daji ne ke kula da shi. In ka ƙara gaba, kafin ka kai Kpong, wajen mahaɗar Akuse, za ka ga dutsen Krobo tsaye shi kaɗai, tsayinsa ya haura mita 300.

Mutanen Shai da na Krobo duk masu harshen Dangme ne, kuma sun yi ɗaruruwan shekaru garuruwansu suna kan waɗannan duwatsu. Gonaki suna ƙasa, amma gida na asali yana sama: can ake gudu in yaƙi ya taso, can ake binne manya, can ake yi wa 'yan mata al'adar shiga girma da suke kira dipo. A 1892, bayan rasuwar Konor Sakite, sarkin Manya Krobo (ɗaya daga ɓangarorin Krobo biyu, ɗayan shi ne Yilo Krobo), gwamnan mulkin mallaka na Ingila William Brandford Griffith ya haramta waɗansu al'adunsu, har da dipo, ya ba mutane kwana uku su sauka daga dutsen, sannan sojoji suka hau suka rushe abin da ya rage. A shekarar nan kuma aka sauko da mutanen Shai daga nasu duwatsun, zuriyarsu ce yau take Dodowa da Doryumu da Kordiabe da Agomeda.

Ga abin da ya sa na daɗe a kan wannan. Sojojin da Turawa suke aiki da su a lokacin su ne rundunar da ake kira ta Hausawa. Ba dukkansu ne Hausawan asali ba, mutanen Arewa ne iri-iri da Hausa ta haɗa su a bariki, amma da sunanmu aka san su, kuma da sunan aka rubuta su a tarihin saukar nan. Saboda haka ɗan zango in zai taka wannan dutse, ya kamata ya taka shi da sanin abin da ya faru da kuma ladabi. Ni kam ban taɓa hawa ba tare da wannan tunani ya zauna mini a zuciya ba.

Akwai kango na uku ga wanda ba ya son nisa: Frederiksgave, a ƙauyen Sesemi kusa da Abokobi, a gindin duwatsun Akuapem. Gonar Turawan Denmak ce da bayi suka yi wa aiki, kafin su sayar wa Ingila wurarensu na wannan gaɓa a 1850. An sake gina gidan, yanzu gidan tarihi ne. Daga unguwar Madina ta gefen Ankara ba wata tafiya ba ce.

Zaɓen rana

Damina babba a kudu tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a Yuni, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasar filin nan baƙar laka ce mai danƙo, in ta sha ruwa tana riƙe taya, dutse kuma yana santsi. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hanya a bushe take kuma ciyawa ta kwanta ana ganin harsashin gine-gine sosai, sai dai ƙura da hazo, ga gobarar daji. Ni na fi son Agusta, lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita ga sanyi-sanyi, ko kuma farkon Disamba kafin ƙura ta yi kauri.

Ka lura da bukukuwan masu ƙasa. Manya Krobo suna bikin Ngmayem, wato cin gero, a ƙarshen Oktoba, Yilo Krobo kuma suna Kloyosikplemi a Nuwamba, wanda ma'anarsa saukowa daga dutsen, kuma a lokutan nan jama'a suna hawa don ziyarar gidan kakanni. In kallon biki kake so, je da ƙafarka a matsayin baƙo. Ranar ba ta ruri da babur ba ce. Juma'a kuma a bar ta saboda masallaci, a ɗauki Asabar.

Neman masu babur da ja-gora

Harkar baburan nan ta fi sanuwa a gefen Aburi da ƙauyukan kan dutsen Akuapem, inda ake bi ta gonaki har zuwa magangarar ruwa. Don haka tsarin yinin iri biyu ne. Ko dai ka sami masu babur da za su kai ku ta hanyoyin gona har gindin dutsen da za ku hau, ko kuma ku yi hawan babur da safe a Akuapem, sannan ku sauko da mota ta Mamfe da Larteh zuwa Ayikuma, ku shiga Shai da rana. Na biyun ya fi gajiyarwa, kuma sai an kiyaye lokaci sosai.

Kada ka biya ko kobo sai ka yi magana da mutum baki da baki, ba saƙon Instagram kawai ba. Tambaye shi daga ina ake tashi, ina ake tsayawa, awa nawa ne a kan babur, awa nawa a ƙafa. Tambaye shi baburansu nawa ne masu lafiya a ranar, domin an sha gaya wa mutum goma su zo, su tarar da babur biyar, a ce su riƙa karɓa-karɓa. Ja-gora nawa ne za su bi ku? Ayarin da ya wuce mutum shida yana bukatar ɗaya a gaba ɗaya a baya. Akwai hular kwano ga kowa, girma daban-daban? Akwai akwatin magani, akwai motar da za ta iya zuwa in wani ya ji rauni? Akwai inshora, kuma wa ta rufe, baburin ko mahayin?

Sai babbar tambaya: suna da izinin shiga inda suka ce za su kai ku? Cikin gandun Shai ba a yawo sai da ma'aikacin gandun, kuma abin da ma'aikatan bakin ƙofa suka ce game da abin hawa shi ne magana. In mai babur ya ce maka ya san wata ɓarauniyar hanya da ba sai an bi ta ƙofa ba, ka yi masa sallama tun a waya. Yankin yana da wuraren fasa dutse da sansanonin horar da sojoji, ba wurin da za ka bi hanyar da ba ka sani ba ne. A dutsen Krobo kuma ka nemi a haɗa ku da ɗan ƙasar wanda ya san hanyar hawa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya iya tuƙa babur ba lalle ne ya san kabarin wa kake takawa ba.

Batun kuɗi, a rubuta komai: kuɗin babur, mai, ja-gora, kuɗin shiga, da abin da za a ajiye na jingina saboda ɓarna. A wuraren gwamnati kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, don haka kowa ya riƙe katin Gana nasa. Ka ba da kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don shaida ta zauna a waya, sauran sai ka ga babura da idonka. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, akwai abin da ya rage, kuma galibi gyaran birki ne ko hula.

Su wa za su je

Mutum shida zuwa takwas sun isa. A tara kuɗi a hannun mutum ɗaya mako guda kafin ranar, a ɗauki mota guda a biya ta yini, ya fi a dogara da trotro, wato ƙananan motocin haya, ko da yake daga Madina ko Ashaiman ana samun masu zuwa Somanya da Kpong. Masu ƙera baburan manya suna manna gargaɗi a jikinsu cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa, kuma wanda aka yi don mutum ɗaya kada a yi goyo a kansa. Ka bi wannan ko da yaro ya yi kuka. Mai juna biyu, da mai ciwon baya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, su haƙura da babur, in suna so su bi mota su tarar da ku a gindin dutse. Kowa ya rubuta lambar wani nasa a gida, a bar kwafin takardar wurin wanda bai je ba.

Kaya

Babbar riga, jallabiya, rawani mai jela, mayafi mai yawo, duk a bar su a cikin mota. Ƙarƙashin mahayi akwai ƙarfen da yake juya tayoyin baya, a waɗansu ma da sarƙa, kuma in suka kama bakin tufa ba sa saki. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu da ƙasa mai kama dutse. Silifas ba ya hawa babur, ba ya hawa dutse. Salansa da injin suna zafi kusa da ƙauri, shi ya sa gajeren wando bai dace ba.

Ƙanwata ta tambaye ni, "Yaya, to mu fa da hijabi?" Amsar mai sauƙi ce. A sa ƙaramin hijabi mai kama kai wanda hular kwano za ta zauna a kansa, a cusa jelarsa cikin riga, a sa riga mai kai gwiwa a kan wando mai faɗi. A cire allurar hijabi da manyan 'yan kunne kafin a sa hula. Babban mayafin yana cikin jaka, in an sauka a yafa. Mata da dama sun fi samari iya tuƙin nan, domin suna sauraron bayani.

A jakar goyo: ruwa aƙalla leda shida ga kowane mutum, lita uku ke nan, da ƙarin na alwala. Takunkumi ko ƙyalle na rufe hanci, tabarau mai rufe gefe, safar hannu, dabino da gyaɗa da burodi, 'yar darduma, katin inshorar lafiya, batirin cajin waya, da ledar da za ku zuba shararku. Mai asma kada ya manta abin shaƙarsa. Turare kuma, na san da wuya ɗan zango ya fita ba shi, amma ranar a haƙura, domin akwai ƙudan zuma a kogunan duwatsu kuma ƙamshi yana jawo su.

Safiyar tafiya

A yi Asuba, a sha koko da ƙosai, mota ta ɗaga kafin ƙarfe 6. Daga Nima ko Maamobi a bi babbar hanyar Tema a juya ta Akosombo; daga Madina an fi sauƙi ta Adenta da Dodowa da Ayikuma. Direba ya yi hattara da manyan motocin ɗaukar dutse a wajen Shai. Burin shi ne ku hau babur kafin ƙarfe 8, ku gama hawan dutse kafin rana ta take.

Kafin ka kunna

Nan ne mutane suka fi gaggawa, kuma nan ne ya kamata a fi daɗewa. Ɗauki waya ka zagaya baburin da aka ba ka kana ɗaukar bidiyo a gaban ma'aikacinsu, ka nuna duk tsagewar roba da karce da fitilar da ta fashe. An taɓa cire mana kuɗi daga jingina a kan tsagewar da muka tarar da ita, ba mu da shaida, dole muka biya. Tun daga ranar ba na tsallake wannan.

Danna tayoyin da hannu. Tayar wannan babur iska kaɗan ake sa mata don ta kama ƙasa, saboda haka laushi ba aibi ba ne, amma dama da hagu su zama daidai, in ba haka ba zai riƙa janka gefe guda. Girgiza kowace taya ka ji ko tana lilo. Matsa birki ka tura baburin, bai kamata ya motsa ba. Leƙa ƙasa ko mai yana ɗiga. Sannan totur: a yawancinsu ba murɗawa ake yi ba kamar na babur ɗinmu na gari, wani ɗan ƙarfe ne a hannun dama da ake turawa da babban yatsa. Tura shi ka saki, dole ya koma da kansa nan take. In yana maƙalewa, a canja maka wani. Ka sa a nuna maka maɓallin kashe inji na gaggawa, da wane hannu ne birkin gaba wane ne na baya, da birkin ajiyewa, da yadda ake sa giyar gaba, da ƙaramar giya mai ƙarfi ta hawa, da ta baya. Ba a canja giya sai babur ya tsaya cak.

Hula ta kama kai, a ɗaure igiyarta har yatsa biyu ne kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta tsage a mayar.

Yanzu ga maganar da nake yi wa duk wanda ya saba da babur mai taya biyu, musamman masu okada: ƙwarewarka ta can tana iya cutar da kai a nan. Wancan kwantar da shi kake yi a kwana, wannan ba ya kwanciya, kan ake juyawa, kai kuma ka karkata jikinka zuwa cikin kwanar don kada tayoyin ciki su ɗaga. In ka shiga kwana da gudu, kifewa yake yi waje. Na biyu, ka saba sauke ƙafa in abu ya rikice. A nan in ka sauke ƙafa yana tafiya, tayar baya ce za ta hau ta. Ƙafa biyu a kan mataki koyaushe. Na uku, nauyinsa ya ninka na babur ɗin gari, da yawa sun haura kilo 200, ba abin da za ka tare da hannu ba ne in ya taho maka.

Ka nemi a ba ku minti goma sha biyar a fili ku gwada: tashi, tsayawa, kwana dama da hagu, komawa baya. Wanda bai natsu ba a sa shi nan bayan ja-gora, ba a ƙarshen layi ba.

A kan hanya

Layi ɗaya ake bi, ba a wuce ja-gora, ba a tsere. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka yadda in ya taka birki za ka tsaya ba tare da ka taɓa shi ba, in ƙura ta tashi ka ƙara tazarar har sai kana ganin ƙasa. A yarda da alamun hannu tun kafin a tashi, domin ƙarar inji ba ta barin a ji kira. Duk wanda ya zo mararraba ya waiga ya tabbata na bayansa ya ga inda aka juya.

In za ka hau tudu, sa ƙaramar giya tun daga ƙasa, matso gaba a kan kujera, ka kwanto da ƙirji wajen kan babur, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi. Ka fuskanci tudun kai tsaye. In inji ya mutu a tsakiya, nauyinka ya zauna gaba, ka kama birki, ka sa na ajiyewa, ka sauka ta gefen da yake sama, ka jira ja-gora. In ya fara zamewa baya, kada ka danne birkin baya da ƙarfi, yana iya ɗaga gaba ya juyo kanka, na gaba za ka matsa a hankali. A gangara kuma akasin haka: ja jikinka baya, ƙaramar giya, ka bar inji ya riƙe shi, birki kaɗan-kaɗan. Ratsa gefen tudu a karkace shi ya fi kowanne haɗari, in ba makawa ka jingina jikinka wajen sama. In zuciyarka ba ta kwanta da wani wuri ba, tsaya ka ce, "Malam, zo ka wuce mini da shi nan." Ja-gora na kirki zai yi ba tare da wata magana ba.

Kwalta ba wurinsa ba ce, tayoyinsa don ƙasa aka yi su. In dole a tsallaka titi, a tsaya a tsallaka ɗaya bayan ɗaya.

Hanyoyin da za ku bi na manoma ne da makiyaya. Rogo da masara da mangwaron da kake gani guminsu ne, kada taya ta shiga kunya ko ɗaya. In kun haɗu da garke, ku tsaya, in ya kama ku kashe inji har su wuce, ku yi wa makiyayin sallama, sau da yawa ma da Hausa zai amsa. A cikin ƙauye a tafi kamar ana tafiya da ƙafa, yara suna fitowa da gudu in sun ji ƙara, ga shanyar mata a bakin hanya da ƙurarku za ta lalata. Da rani kada a ajiye babur mai zafi a cikin busasshiyar ciyawa, kuma mai shan taba ya haƙura har a fita daji.

Daga gindin dutse zuwa sama

A jera baburan a inuwa a wuri mai daidai, a sa birkin ajiyewa, a cire makullai, a bar mutum ɗaya na masu babur yana gadi. A sha ruwa, a huta minti goma, domin hannu da cinya suna rawa bayan tuƙi kuma da su za ka kama dutse.

A Shai gwaggon birai ne za su fara tarbarku tun daga bakin ƙofa. Kada a ba su abinci, kada a riƙe leda a hannu, a rufe gilashin mota. A cikin fili akwai maraya, akwai kuma jakin dawa da jimina da aka kawo aka ajiye. Ma'aikacin gandun zai kai ku kogon Sayu, mai cike da jemagu, inda za ka ratsa tsakanin duwatsu a matse, da Adwuku, da dutsen Mogo inda a da ake tsare 'yan matan dipo. Rufe hanci a kogon jemagu, kuma kada ka cusa hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba. Dutsen Krobo ya fi wuya, akwai wuraren da sai ka haɗa da hannu, don haka a tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni.

Kada ka sa ran ganin dogayen gine-gine. Abin da yake can sai an sunkuya ake ganinsa: jerin duwatsun da aka ɗora don tare ƙasa a yi daɓen gida, harsashin ɗakuna, ramukan da niƙa ya ƙwaƙule a jikin dutse har suka yi sumul, tsingaro ko'ina a ƙasa, da manyan kukoki. Mutanen Shai sun shahara da ginin tukwane, kuma masu binciken tarihi na jami'ar Legon, irin su marigayi Farfesa James Anquandah, sun yi aikin tono a yankin. Ka tsaya a bakin ramin niƙa guda ka tuna shekarun da mata suka yi a durƙushe a nan kafin dutse ya lotsa haka, sannan ka dubi nisan ƙasa ka tuna da wanda aka ce ya kwashe gidansa cikin kwana uku, da tsofaffi da jarirai.

Ba a ɗaukar komai. Tsingaro ɗaya in ya bar inda yake ya zama ɓallin tukunya kawai, a wurinsa kuwa shaida ce ta gidan wani. Ba a rubuta suna a jikin dutse ko kuka, ba a hawa kan jerin duwatsu don hoto, ba a kunna kiɗa. Inda ja-gora ya ce ba a shiga ko ba a ɗaukar hoto, a tsaya nan. A kudancin Gana al'ada ce a nemi kwalbar barasa kafin a shiga waɗansu wurare na gargajiya. Wannan a warware shi tun a ƙasa: ka gaya wa ja-gora cikin mutunci cewa ku Musulmi ne, ba za ku kawo ba kuma ba za ku shiga zuba ta ba, ku ga inda aka yarda ku gani, ku bar sauran. Ba sai an yi wa'azi ba, ba sai an yi dariya ba. In dattijon wurin ya yi muku bayani, a kira shi Nene in mai sarauta ne, a gode masa, kuma a sallami ja-goran ƙasar da hannu mai kyau.

Azahar ta fi daɗi a gindin dutse bayan an sauko, a wuri mai tsabta nesa da wuraren tsafinsu. Wayarka za ta nuna maka alƙibla, daga nan gabas ce ta ɗan karkata arewa. Saukowa ta fi hawa kayar da mutane, a juya a fuskanci dutse a wurare masu tsayi, kada na sama ya turo tsakuwa kan na ƙasa.

In wani abu ya faru

A kashe inji tukuna. Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a ɗaga shi, kada a cire masa hula sai in numfashi ya gagara. A kira 112. Akwai asibitin gundumar Shai Osudoku a Dodowa, akwai na gwamnati a Akuse da Atua, ka san wanda ya fi kusa da inda kuke tun kafin ku tashi. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, a hana mutum motsi a kai shi asibiti. Wanda kansa ya fara juyawa saboda rana a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Komawa

Haɗari ya fi zuwa a hanyar dawowa, lokacin da kowa ya gaji kuma yana jin ya iya. Ja-gora ya rage gudu, kai ma ka rage. A nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara kuma duhu ba ya jira, saboda haka baburan su koma hannun masu su kafin ƙarfe 4. A sake zagaya kowanne da bidiyon safe a hannu, a karɓi jingina a wurin, a ƙirga mutane kafin mota ta tashi.

In Asabar ce kuma kun sauko da wuri daga dutsen Krobo, kasuwar Agomanya tana ci Laraba da Asabar, can ake samun duwatsun ado na gilashi na Krobo, tsaraba mai kyau ga Mma da 'yan uwa mata, kuma kuɗin yana shiga hannun jikokin mutanen da ka ga kufansu. Lokacin mangwaro kuma ga shi nan jibge a bakin hanya a Somanya da Dodowa. A yi La'asar kafin a kama hanya, domin cunkoson Afienya da Ashaiman yana iya cinye Magariba. Da an isa gida kowa ya duba jikinsa ko kaska ta kama shi a ciyawa, a wanke ƙujewa da sabulu, kuma duk wanda ya bugu a kai, in ya fara amai ko ciwon kai mai tsanani ko barci ya yi masa nauyi a daren, a kai shi asibiti ba sai gari ya waye ba.